Ƙafar Motar Alhaji Lukumanu

Ni piyes nake sayarwa, kayan gyaran mota ke nan, a wani ɗan shago da ke layin garaj na hanyar Arlit, a Agadas. Sunana Shamsu. Shekara goma sha ɗaya ina wurin, kuma tun ranar da na buɗe, bango ɗaya ne tsakanina da rumfar Baba Alkasum mai gyaran ƙafar mota. Ba ruwansa da inji, ba ruwansa da wuta. Shi dai ƙafa: amortiser, ƙarfen nan mai mai a ciki da ke shanye gargadar hanya, da duk abin da ke riƙe da shi. Direban da zai shiga hamadar Tenere ya nufi Bilma, ko ya hau duwatsun Azbin, sai ya biyo ta wurin Baba an duba masa ƙafa tukuna. Sun san dalili. A can idan ƙafa ta karye maka, sai ka yi kwana biyu kana kallon sama ba ka ga mai wucewa ba.

Abin da ba su sani ba shi ne Baba Alkasum ya kusa daina gani. Shekara uku ke nan da idon ya fara dushewa. An duba shi a likita aka ce jijiya ce, ba yana ba ce da za a kankare. Farar mota a gabansa kamar farin bango take, mutum kuma sai ya yi magana yake gane shi. Rubutu da lamba kuwa sun tafi ke nan. A duk layin ni kaɗai ya gaya wa, wata safiya kafin mutane su taru. Ya kama hannuna ya ce in rantse, na rantse. Ni da shi duk mun san ranar da direbobi suka ji, ranar aikinsa ya ƙare. Ba mai ba makaho motar da zai shiga rairayi da ita, ko da makahon ne ya ƙera ta.

Sai muka yi dabara. Masu koyon aiki da ke wurinsa ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, wai ragwaye ne. Kowane kile da yake kwance ƙarfe da shi yana da ƙusarsa a jikin allo, hannunsa na zuwa kai tsaye ba lalube. Wajen lamba kuwa ni ne idonsa. In an kawo kart giriz, takardar mota ke nan, ko kwalin piyes, sai in leƙo daga ƙofar shago in karɓa kamar mai son koyo, in ce, “Baba, wannan ai ta dubu biyu da sha huɗu ce, ko?” Shi kuma ya amshi takardar ya ɗaga ta sama kaɗan, ya gyaɗa kai, ya ce, “Ka fara hankali, Shamsu.” Mutane su yi dariya. Shekara uku ina sa masa amsa a baki yana mayar min da ita a matsayin darasi. Da farko abin dariya yake ba ni. Daga baya ya fara ci min rai, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Alhaji Lukumanu ɗan kasuwar albasa ne, yana sayenta tun tana lambu a Dabaga. Shekara da shekaru motar haya yake ɗauka, sai bara ya sayi tasa ta kansa, farar kat-kat, motar jeji ke nan, mai buɗaɗɗen baya da aka shigo da ita ta Libiya. Takarda ta ce 2018. Fuskar motar ma haka ta ce, fitilu masu ƙyalli, goshi a ɗage. Ya so motar nan fiye da yadda ya kamata mutum mai furfura ya so ƙarfe. Inda za a gani yake ajiye ta, kuma da hannun rigarsa yake goge mata fitila.

Wata Talata da hantsi ya zo, amortiser ɗin gaba duka biyu suna zubar da mai. Wurina ya fara tsayawa. Na duba takarda, na sauko masa da guda biyu na sabon yayi. Ba na kamfanin motar ba ne, irin masu kwali mai launi ne da ake kawo mana daga Dubai, amma masu kyau ne, kuma a jikin kwalin an rubuta shekarun da suke shiga, daga 2016 zuwa sama. In don takarda ce, ban yi kuskure ba ko na ƙwayar gero. Fada, wurin zaman hirarmu, a cike take ranar, direbobi kusan takwas a inuwar dogon yaro, wani daga cikinsu mai suna Karim yana dafa shayi.

Baba ya shimfiɗa buhunsa ya shige ƙarƙashin motar. Ya daɗe. Daga inda nake ƙafafunsa kawai nake gani, amma na san abin da yake yi: yatsu ne ke bin ƙarfe tun daga sama har ƙasa. Da ya fito sai ya zaro sabon daga kwali, ya auna shi da taƙin hannu, ya tura babban yatsa cikin ramin da ke gindinsa.

“Wannan ba nata ba ne,” ya ce.

Alhaji Lukumanu ya ce, “Mi ka ce?”

“Ƙafar motar ga tsohon yayi ce, Alhaji. Ta dubu biyu da goma, in ta yi sabunta ƙwarai da sha ɗaya. Wanga ya fi nata tsawo da yatsa biyu, ramin gindinshi kuma ya fi faɗi. In an sa guduma zai shiga. Cikin gari ba ka jin komi. Ran da ka ɗora albasa ka hau gargadar Dabaga, a gindi zai karye.”

“Ga kart giriz nan, Baba. Dubu biyu da sha takwas.”

“Takarda ba ta ɗaukar albasa. Fuska suka cire mata suka sa sabuwa, haka suke yi can. Tsohuwa ce aka yi wa kitso aka rako maka.”

Fada ta fashe. Karim har shayi ya zube masa a ƙafa. Da Baba ya tsaya nan, da wataƙila ba ni da labarin da zan ba ku. Amma shi mutum ne da in ya ji ana dariya ba ya iya kama bakinsa. Ya juya wajen shagona ya ɗaga murya.

“Shi kuwa Shamsu, ka kawo mai jaki da kart giriz, yanzu ya saida maka amortiser ɗinshi.”

Wannan ta fi ta farko tashi. Ni ma na yi dariya, me zan yi? Amma wuyana har zuwa kunne zafi yake. Mutumin da ni nake karanta masa lamba, shi ne yake gaya wa jama'a ban san komai ba sai takarda. Alhaji Lukumanu bai yi dariya ba. Ya tattara kwalayensa ya jefa bayan mota, ya ja ta ya tafi tana ɗigar mai.

Washegari tun da safe direbobi biyu suka wuce ta ƙofata, ɗaya ya yi kukan jaki, ɗayan ya tambaya ko na gaba nake da shi ko na baya. Bayan azahar, Baba ya tafi gida cin abinci, sai ga Alhaji Lukumanu shi kaɗai. Ya shigo har cikin shago, abin da bai taɓa yi ba.

“Shamsu, tsakaninka da Allah, wa ke da gaskiya?”

Na san wanda ke da ita. Tun lokacin da Baba ya faɗa na sani, don ba yau aka fara shigo da irin waɗannan motoci ba, kuma hannun Baba bai taɓa yi mana ƙarya ba. Amortiser na tsohon yayi yana nan a kan kanta, daidai bayan kan Alhaji. Abin da ya rage kawai in ce ya kawo in canza masa.

Na ce, “Alhaji, ni dai abin da na gani na karanta. Shi kuwa, ka tambaye shi mi ya gani.”

“Kamar ƙaƙa?”

“Ka ba shi takarda ka ce ya karanta maka. Ka bari sai ba ni kusa.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi murmushi a hankali, irin na wanda ya tsinci abin da bai fito nema ba. Ba zan ce muku suɓutar baki ba ce. Na auna maganar kafin in sake ta, kuma da ta fita daɗi na ji. Har na sayi nama a hanyar gida ranar.

Alhamis da safe ya dawo da fara'arsa, da ƙullin shayi da sukari ya ba fada. Motoci uku ke jiran Baba, ɗaya ma an riga an ɗaga ta. Alhaji ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya je ya tsuguna gaban Baba kamar mutumin kirki.

“Baba, na kwana ina tunani. Wataƙila kai ke da gaskiya. Ga takardar, duba min da kyau, ka nuna min inda suka yi min ha'inci.”

Baba ya karɓa. Na ji ya ce, “Shamsu!” Ina cikin shago bayan kanta, na kara waya a kunne, ba kowa a kan layin. Ya sake kira, “Shamsu, zo ka ga abin da nake gaya maka.” Na juya wa ƙofa baya, amma ta tsakanin kwalaye ina hangen komai. Ya ɗan jira. Da ya ji shiru sai ya ɗaga takardar sama kaɗan yadda ya saba, ya gyaɗa kai, ya ɗora yatsa a tsakiyarta.

“Ai ga shi nan. Dubu biyu da sha takwas suka rubuta. Ƙarya suka rubuta.”

Alhaji Lukumanu ya zare takardar daga hannunsa a hankali ya miƙa wa Karim. “Karanta ma jama'a abin da Baba ya karanta.”

Karim ya duba, ya dubi Baba, ya sake dubawa. Sannan ya karanta da ƙaramar murya: iyalan wane da wane suna farin cikin gayyatar ƴan uwa da abokan arziki zuwa ɗaurin auren ƴaƴansu. Katin biki ne, har da hoton furanni a gefe.

Da a nan aka tsaya da an yi masa adalci. Sai wani ya tuntsure da dariya, sauran suka bi. Alhaji ya miƙe ya ware yatsu a gaban fuskar Baba. “Nawa ne nan? Bon, bari in matso. Yanzu fa?” Baba ya miƙa hannu wajen allonsa, ina jin so yake ya riƙe wani abu kawai, sai hannun ya sauka a kan ƙusa ba kile. Wani ya riga ya zare shi ya ɓoye a bayansa. Ya laluba hagu, ya laluba dama, suna kallo suna riƙe ciki. Manyan mutane ne fa, wasu da jikoki.

Daga nan dariya ta koma wani abu. Wani direba mai suna Rabi'u ya tuna bara tayarsa ta kwance a hanyar Iferwan, sati biyu bayan Baba ya taɓa ta. Wani ya tuna ƙarar da motarsa ta yi wata uku tana yi. Duk abin da ya taɓa lalacewa tsakanin Agadas da Bilma cikin shekara uku, ranar aka samo mai laifinsa. “Da rayukanmu kake wasa, tsoho?” in ji Rabi'u, yana nuna shi da yatsan da ba ya gani. Masu motoci biyu suka tada su suka tafi. Mai ta ukun ya sauke tasa da kansa.

Baba ya tsaya a tsakiyar rumfarsa, hannuwa a sake.

“Ku ce ban gani, na yarda. Amma ƙafar motar ga tsohuwa ce. Ga ta nan, kowa ya sa hannu ya ji.”

Ba wanda ya sa hannu. Alhaji Lukumanu ya karkaɗe rigarsa ya ce Allah ya ba Baba lafiya, ya ja motarsa zuwa garaj ɗin Zaharaddin, rumfa ta huɗu daga tamu. Duk layin an ji gudumar Zaharaddin har la'asar. Baba yana zaune kan bencinsa yana saurare, kowane bugu sai ya ɗan runtse ido.

Kwana tara ƙafar motar ta yi. Ta karye da lodin albasa bayan an baro Dabaga, a gangaren wani ƙori, busasshen rafi, kuma a gindi ta karye. Ba wanda ya mutu. Albasa dai ta watse har cikin yashi, sai da aka kwana biyu ana tsinta. Da labarin ya iso na ɗauka za su dawo wurin Baba su ba shi haƙuri. Rabin zuciyata na tsoron haka, rabi na fata. Ashe ban san mutanen layinmu ba. Alhaji Lukumanu ya ce makahon nan ne ya kwance wani abu ranar da ya shiga ƙarƙashinta, ya manta bai ɗaure ba. Aka karɓa hannu biyu, don wanda bai karɓa ba sai ya tuna irin dariyar da ya yi. Karim kaɗai ya ce a gaban mutane Baba ya faɗi gaskiya, amma shi ma da zai tafi Bilma wurin Zaharaddin ya kai motarsa. Na tambaye shi dalili, ya ce, “Ya yi gaskiya, walla. Amma dai ba ya gani.”

Alhaji kuwa ya sake shigowa shagona bayan azahar. Bai yi dogon bayani ba. Ya nuna na tsohon yayin da ke kan kanta da haɓa, ya ce in sa masa su cikin kwalin sabon yayi. Ni na sa su, ni na liƙe kwalin da hannuna, na kai masa har mota.

Baba ya ci gaba da zuwa kullum har wata guda. Ya share rumfa, ya jera kayan aiki, ya zauna. Masu wucewa na yi masa sallama da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Mota ko ɗaya ba ta tsaya ba. Ni kuma na daina leƙawa, in na gaishe shi daga ƙofa nake gaishe shi, da sauri.

Ranar da ya tashi, babbar ƴarsa Salamatu ce ta zo da mai amalanke. Ita ke riƙe da gidan tun rasuwar uwarta. Ashe duk shekarun nan ita ke rako shi kowace safiya har kwanar layinmu, ta sake shi a nan don kada a gani, da yamma ta dawo ta jira shi a wurin. Ranar dai har cikin rumfa ta shigo, tana cire kayan daga ƙusoshi tana zubawa a buhu, tana share hawaye da gefen mayafi.

Shi kuma ya bi bango ya shigo shagona. Ya tsaya daidai inda Alhaji ya tsaya.

“Shamsu.”

“Na'am, Baba.”

“Motar Lukumanu, a ina ta karye?”

“A gindi, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ba alamar jin daɗi a fuskarsa. “Ran nan na kira ka sau biyu.”

“Ina kan waya da mai kawo min kaya daga Zinder. Kafin in fito an gama. Wallahi na so in nutse.”

“Haka na ce ma raina.” Ya dafa kanta. “Wata guda ina juya abin ga. Lukumanu ba shi da wayon da zai gano da kanshi, gaya mai aka yi. Kuma mutum biyu ne suka sani a duniya. Kai da Salamatu.”

Ya juyo da fuskarsa wajena, idanun nan farare-farare suna kallon gefen kunnena. Ta ƙofa ina hango Salamatu tana ɗaure bakin buhu. Na san abin da zai biyo baya in na faɗi abin da ke bakina. Tsoro nake ji, tsoron tsoho makaho wanda ko mari ba zai iya auna min ba, kuma tsoron ya fi kunyar ƙarfi.

“Ni dai na rantse maka, Baba,” na ce. “Ka san mata da hira wajen biki. Ba da mugun nufi ba.”

Ya daɗe a tsaye, har na ji kamar in kama hannunsa in fasa. Ban kama ba. Sannan ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka rufa min asiri iyakar iyawarka.” Ya juya ya bi bango ya fita.

Mai amalanke ya riga ya yi gaba. Salamatu ta taho da sauri ta kama hannunsa, yanzu ai ba sauran abin ɓoyewa, za ta tsallakar da shi titi. Ya fizge hannun har ta yi taga-taga.

“Baba, mi na yi?”

“Kada ki sake taɓa ni.”

Ya sa ƙafa a titi shi kaɗai, hannu ɗaya a miƙe gabansa, babura na kauce masa suna zagi. Tana biye da shi taku biyu a baya, hannunta a buɗe kusa da rigarsa ba ta isa ta taɓa ba, tana ta tambayarsa abin da ta yi.